Hutun bana ni ce ɗaliba: abin da nake son karantawa kafin Satumba

Maman Habibu (Garwa):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, ku yi haƙuri da tsawon bayani.

Shekara biyu ke nan ina koyar da yarana a gida, Habibu mai shekara goma da ƙanwarsa Zainab mai bakwai. Habibu ya kai CE2, wato aji huɗu na firamare, bai iya karanta layi ɗaya da kansa ba. Na je ajinsu na gani da idona: yara sun haura ɗari, malami ɗaya, ɗana yana can ƙurya su biyar a benci ɗaya. Ban ga laifin malamin ba, abin ya fi ƙarfinsa. Ita kuwa Zainab sikila gare ta, da sanyi ya shigo sai kwanciya, wani lokaci sati uku ba ta taka ƙofar gida ba. Muka zauna da babansu, muka yanke in riƙe su a gida. Ni kaina a katiriyam, aji uku na sakandare, na tsaya, saura shekara ɗaya in yi BEPC, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, aka ɗaura mini aure.

Alhamdu lillahi karatu ya zauna, dukansu suna karantawa. Amma a watan Mayu wani abu ya faru da ya hana ni barci. Muna kan tabarma a ƙarƙashin darbejiya, zafi kamar ya narka mutum, muna lissafin kaso. Na nuna wa Habibu yadda aka koya mana: in za ka raba rabi da rubu'i, sai ka juya na biyun ka ninka, amsa ta fito 2. Ya rubuta a allonsa, ya ɗago kai ya ce, "Inna, ta yaya za a raba rabi kuma ya ƙaru? Ai abu in an raba shi raguwa yake yi." Na buɗe baki na rasa abin faɗa. Na ce masa haka dokar take. Ya goge allon bai ce komai ba, amma na ga idonsa. Abin da ya sa na cire shi daga makaranta, wato haddar abin da ba a gane ba, shi nake ba shi da hannuna.

To hutu ya zo, sati goma sha biyu ne kafin a koma a farkon Satumba. Na yi niyyar bana ni zan koma ɗaliba. Ina so in bi littafin lissafin CM1 da na CM2, wato aji biyar da shida na firamare, daga bango zuwa bango, in yi kowane aiki da alƙalamina. Ina so in gyara Faransancina, don har yanzu haɗa fi'ili yana kayar da ni. Ina so in ƙarasa Risala, wadda na ajiye tun haihuwar Zainab. Ina son tarihin yankinmu, saboda yaran suna tambaya ba ni da amsa. Ga Magana Jari Ce da ƙanena ya kawo mini daga Yola, juzu'i uku, ina so mu riƙa karantawa da dare. Kuma in Allah ya yarda in fara koyon kwamfuta. Wa ya taɓa yin irin wannan? Ta ina zan fara?

Hajiya Balki (Ngawundere):
Wa alaikumus salam. Allah ya saka miki da alheri, ya raya su. Amma 'yar uwa, abu shida a wata uku, ga girki ga wanki ga mai ciwo? Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle shida. Ki ɗauki biyu.

Alhaji Sale mai goro (Marwa):
Ni dai zan faɗi gaskiya ko ba za ta yi daɗi ba. Maganar da kika yi da bakinki ita ce hujjata. Yaro yana CM1 ya riga ya yi miki tambayar da ta fi ƙarfinki, to in ya kai siziyam, ajin farko na sakandare, fa? Kundin tsarin mulkin Kamaru ya ce karatun firamare dole ne, kuma tun 2000 aka soke kuɗin makaranta a firamaren gwamnati, sai abin da ƙungiyar iyaye ta yanka. Mu Hausawan ƙasar nan an daɗe da barin mu a baya a boko, kakanninmu sun ƙi kai 'ya'yansu lakwal, wato makarantar boko, ga shi yau in ka shiga ofis sai ka nemi mai yi maka tafinta. Yanzu kuma mu janye su da kanmu? Yaro yana koyon Faransanci ne a bakin 'yan uwansa yara, a filin wasa. A gida Hausa zai ji, a titi Fulatanci. Ki mai da su makaranta, ki riƙa yi musu bita da yamma.

Maman Habibu (Garwa):
Alhaji na gode, kuma maganar Faransancin gaskiya ce, tana damuna. Amma shekara huɗu ya yi a makarantar bai iya karatu ba, a gida wata biyar ya ɗauka. Ban ce kowa ya yi irin nawa ba. Yanayin da na samu kaina ne.

Baba Direkta (Marwa):
'Yata, bari in fara da tambayar jikana, don ita ce ta fi kome daɗi a cikin wannan zance. Shekara talatin da ɗaya na yi ina riƙe da alli kafin in yi ritaya, kuma ina gaya miki malamai da yawa masu takarda ba za su amsa ta ba.

Kuskuren yana cikin kalmar "raba". In an ce rabi a raba da rubu'i, tambayar da ake yi ita ce: rubu'i nawa ne a cikin rabi? Kada ki taɓa allo. Ki ɗauko mudu, ki zuba gero rabinsa. Ki samo ƙaramin kwano wanda huɗunsa ke cika mudun. Ki ba shi ya kwashe geron da kwanon, yana ƙirgawa. Sau biyu zai kwasa ya ƙare. Ga 2 ɗinsa nan. Geron bai ƙaru ba, ma'aunin ne ƙarami, shi ya sa adadin ya fito da yawa. In ya gane wannan, ki samo wani wanda takwas ɗinsa ke cika mudu, ki zuba gero kashi uku cikin huɗu, ki ce ya faɗi sau nawa zai kwasa kafin ya fara. Amsa 6 ce. In ya faɗa daidai, sai a lokacin ki koma ga dokar juyawa da ninkawa, zai ga gajeriyar hanya ce kawai ta abin da hannunsa ya riga ya yi.

Niyyarki ta bin littafin da alƙalaminki ita ce daidai. Amma kada ki bi shi shafi bayan shafi kamar mai sauke Alƙur'ani. Abu uku ne ke kayar da yaran CM: kaso, lambobi masu waƙafi irin 0,5, da ma'aunai, wato mita da lita da kilo. Ki ba kowanne sati uku. Kowane darasi, kafin ki wuce, ki tambayi kanki: zan iya nuna wannan da wani abu da ke cikin ɗakin girkina? In ba za ki iya ba, ba ki gama da shi ba.

Alhaji Sale kuma, ban ƙi taka ba gaba ɗaya. Zan dawo kanta.

Malam Ɗanjuma (Gidar):
Baba ya gama magana. Zan ƙara da na manoma. Mu nan yankin auduga da "kar" muke auna gona, wato rubu'in hekta, mita 50 sau 50, murabba'in mita 2,500. Ɗana bai taɓa gane kaso a aji ba, amma ka ce masa gonar kawu hekta ɗaya da rabi ce, nan take zai ce maka kar shida. Yanzu damina ce, in kuna da dangi masu gona ki kai Habibu da igiya mai tsawon mita goma ya auna da kansa. Mu hutun nan ba hutu ba ne a wurinmu, noma ne, amma lissafi yana cikinsa fal: buhun taki kilo 50, a raba wa kar nawa, kowanne ya samu nawa.

Maman Habibu (Garwa):
Baba, wallahi ina karantawa na tashi na ɗauko mudu na gwada ni kaɗai a kicin. Shekara ashirin ina ɗauke da wannan dokar a kaina ban san abin da take nufi ba. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Ummu Yasir (Injamena):
Yaya, ni ma a gida nake koyar da nawa uku, sai dai mu nan Chadi Larabci da Faransanci duka harsunan hukuma ne, don haka ta ɓangaren Larabci na fi ƙarfi. Maganar Risala nake so in taɓa. Kada ki karanta ta ke kaɗai. Littafi ne da ake ɗauka a bakin malami, kalma ɗaya a babin tsarki ko gado in kika fahimce ta a karkace za ki koya wa yara a karkace. Ki nemi malama a unguwarku ko da sau biyu ne a sati. Abin da zai ƙarfafa miki gwiwa: Ibn Abi Zaid na Ƙairawan don koyar da yara ya rubuta ta tun asali, yau sama da shekara dubu. To uwa mai koyar da 'ya'yanta ita ta fi cancanta ta riƙe ta. In kin ga ta yi nauyi a wannan hutun, ki maimaita Ahalari tare da Habibu, shekarunsa sun kai, ki bar Risala zuwa bayan damina.

Ni abin da ya taimake ni shi ne lokaci ɗaya da ba ya motsi. Daga sallar asuba zuwa ƙarfe shida da rabi nawa ne. Waya tana ɗaki a kashe. Minti arba'in ne kawai, amma kullum. Na gwada karatun dare, ina buɗe littafi barci ke sace ni, ga wuta da ake ɗaukewa.

Alhaji Sale mai goro (Marwa):
Duk na ji. Takarda fa? Ranar da za a nemi CEP ɗinsa, takardar shaidar gama firamare, mudu za a nuna?

Baba Direkta (Marwa):
Wannan ita ce maganar da na ce zan dawo kanta, kuma Alhaji yana da gaskiya. 'Yata, abu biyu. Na farko, takardar haihuwa. Ki duba yau, ba gobe ba, ko ta kowannensu tana nan kuma sunan da ranar sun yi daidai. Na ga yara masu ƙwaƙwalwa sun kai CM2 sun zauna a gida ranar jarrabawa saboda babu ita, ina kallo ba yadda zan yi. In babu, sai an bi ta kotu an samo hukuncin da ke maye gurbinta, kuma yana cin watanni. Na biyu, shawarata Habibu ya koma aji a CM2. Shekara ɗaya ce, makaranta ce za ta haɗa masa takardun CEP da na jarrabawar shiga siziyam, kunnensa ya saba da Faransancin mutane daban-daban, ya saba da rubutu ana ƙirga masa lokaci. Yaron da ya iya karatu, aji mai mutum ɗari ba zai cutar da shi kamar da ba, don zai iya ɗaukar littafi ya taimaki kansa. Zainab kuwa lafiyarta ce gaba, ki riƙe ta.

Ke ma kanki, BEPC ana yin ta a matsayin mai zaman kansa, ba sai kina aji ba. Ki sa wannan a ranki.

Maman Habibu (Garwa):
Takardun suna nan, na duba. Maganar CM2 zan kai wa babansu. Ta BEPC kuwa, Baba, ka taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi. Ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Aisha 'yar jami'a (Marwa):
Anti, ni tarihi nake karantawa a jami'ar Marwa. Wace irin tambaya yaran suke yi? In na sani sai in san abin da zan turo miki.

Maman Habibu (Garwa):
Ƙanwata, da Sallah muka je Mubi wajen yayar babansu. A kan iyaka aka tsayar da mu ana duba takardu. Zainab ta ce, me ya sa Gwaggo 'yar Najeriya ce mu 'yan Kamaru, alhali gidanmu ɗaya? Na ce Turawa ne suka raba. Ta ce yaushe, don me? Shi ke nan na tsaya.

Aisha 'yar jami'a (Marwa):
Tambaya mai kyau, kuma amsarta labari ne da za ki iya ba su a dare uku. Dare na farko: kafin Turawa, Garwa da Marwa da Ngawundere da Mubi duk ƙasa ɗaya ce, Adamawa, sunan daga Modibbo Adama wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Yola ce babban birni, lamidon Garwa can yake kai gaisuwa. Hausawa da yawa a wannan zamanin suka shigo, fatake masu neman hauren giwa da goro, da malamai. Dare na biyu: Ingilishi suka kama Yola a 1901, Jamusawa suka kama Garwa a wannan shekarar, Marwa a 1902. Aka ja layi tsakanin lamido da ƙasarsa. Mubi ta faɗa ɓangaren Jamus tare da mu. A yaƙin duniya na farko aka kori Jamusawa, Garwa ta faɗi a 1915, Faransa ta ɗauki babban kaso, Ingila ta ɗauki wani siririn yanki a gefen Najeriya, Mubi tana ciki. Dare na uku: Kamarun Faransa ta samu 'yanci ranar 1 ga Janairu 1960, shugabanta Ahmadu Ahijo ɗan garinku. A Fabrairu 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama a yankin Ingila. Kudu suka zaɓi Kamaru, arewa suka zaɓi Najeriya. Gwaggon Zainab ta zama 'yar Najeriya ne ta wannan ƙuri'ar.

Ki zana musu kogin Binuwai a ƙasa da tsinke, ki sa dutse a Garwa, dutse a Yola, su ga ruwa ɗaya ne. Kuma Anti, kafin kowane littafi, in akwai tsoho a danginku da ya ga 1961 da idonsa, ki kai su su zauna gabansa, ki ɗauki muryarsa a waya. Irin waɗannan suna ƙarewa.

Ummu Yasir (Injamena):
Mu ma haka, gada ɗaya ce tsakaninmu da Kusiri, a can aka kashe Rabeh a 1900, kuma garin nan Fort-Lamy ake ce masa har 1973. Yarana sun fi riƙe wannan da na tsaya da su a bakin kogi na nuna musu ƙetare.

Hajiya Balki (Ngawundere):
Kun ga abin da nake faɗa? Ta zo da shida, kun ƙara mata BEPC da ɗaukar muryar tsofaffi. Maman Habibu, ki ji ni da kyau, na haifi bakwai. Damina lokacin zazzaɓi ne, mai sikila ba a wasa da ita a wannan lokacin. In kika ɗora wa kanki abin da ya fi ƙarfinki, sati uku za ki yi ki ajiye duka, ki zauna kina zargin kanki. Lissafi da Faransanci su ne bashin da ke wuyanki kafin Satumba. Magana Jari Ce ba aiki ba ce, hira ce, ku yi ta bayan isha'i. Kwamfuta ba inda za ta je.

Madam Hawwa (Kusiri):
Kan Faransanci, ni malamar SIL ce, wato aji ɗaya na firamare. Kada ki fara da teburin fi'ili, zai gundure ki. Ki samo littafin karatu na CM, irin tsofaffin da ake bajewa a gefen kasuwa, da jaka ɗaya ko biyu za ki samu. Kullum shafi ɗaya da babbar murya, sannan ki rufe ki ba da labarin da bakinki. Sau biyu a sati Habibu ya yi miki dikte, shi ya karanta ke ki rubuta, ya gyara miki da jan biro yana duba littafi. Za ki sha mamakin yadda shi zai ƙaru da gyaran. Kuma ki ci gaba da sa su karatun Hausa. Rubutunmu yadda ake faɗa haka ake rubutawa, Faransanci kuwa sautin "o" kaɗai ana rubuta shi o, au, eau. Yaron da ya fara gane yadda harafi ke haɗuwa da harafi a harshen da yake ji, in ya zo na biyu rikicin rubutun kawai zai fuskanta. Akwai laburare a Alliance ta Garwa, cibiyar koyon Faransanci, ki leƙa ki tambayi yadda ake yin kati.

Alhaji Sale mai goro (Marwa):
In dai yaron zai koma CM2 kamar yadda Baba ya ce, na janye rabin maganata. Rabin da ya rage: ki riƙa barinsa yana fita ƙwallo da yaran unguwa. Littattafan CM2 kuma akwai na autana a gida, ya wuce wurin. Ki turo wanda zai karɓa a tasha.

Malama Rabi (Garwa):
Maƙwabciya, ashe kina nan kina fama ba ki faɗa ba. Muna da zama na mata ranar Asabar da Laraba bayan la'asar, yanzu muna babin azumi a Risala. Ki zo da Zainab, akwai inuwa da tabarma. Abin da kike yi ba baƙo ba ne a wurinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, jajis, wato malamai mata, ta riƙa turawa ƙauyuka suna koyar da mata a cikin gidajensu da waƙoƙin da ta rubuta da Hausa da Fulatanci, matan kuma su koya wa 'ya'yansu. Zan biyo miki ranar Laraba mu tafi tare.

Maman Habibu (Garwa):
Salamu alaikum, na dawo da labari bayan sati uku. Na bi maganar Hajiya, na ajiye kwamfuta. Asuba lissafi, bayan azahar shafi ɗaya na Faransanci, Laraba da Asabar wajen Malama. Kwana huɗu sun tafi a banza, Zainab ta yi zazzaɓi muka kwana biyu a asibiti, yanzu da sauƙi alhamdu lillahi. Littattafan Alhaji sun iso, Allah ya saka da alheri. Babansu ya amince Habibu ya shiga CM2 a Satumba mai zuwa bayan wannan, bana mu ƙarasa CM1 a gida.

Na yi masa na mudu. Ya kwasa sau biyu, ya tsaya yana kallon kwanon, sai ya ruga ya ɗauko ludayi ya ce, "To da wannan zai fi yawa ke nan." Ya ƙirga goma sha ɗaya da ɗan saura. Yanzu sauran ne ya tsaya masa, yana tambaya yadda ake rubuta shi da lamba. A dikte na farko ya samo mini kuskure goma sha huɗu, na jiya shida.

Baba Direkta, na shiga lambobi masu waƙafi na maƙale. Me ya sa 0,5 sau 0,5 yake ba da 0,25, ninkawa kuma abu ya ragu? Na san in ban gane ba kafin Litinin zai tambaye ni.

Malam Ɗanjuma (Gidar):
Maman Habibu ai kar ce wannan. Rabin tsawon hekta, rabin faɗinta.

Baba Direkta (Marwa):
Malam Ɗanjuma ya riga ni. Ki yanki takarda mai kusurwa huɗu daidai, ki naɗe ta biyu a tsaye, ki sake naɗewa biyu a kwance, ki buɗe ki ƙirga gidajen. Kada ki gaya wa Habibu amsar, ki miƙa masa takardar. Sauran geron da ke cikin ludayi kuma ki ajiye mana shi, shi ne darasin sati mai zuwa. A gaida Zainab da jiki.